Yafe haraji kaɗai ba zai kawo wa Sudan jarin waje ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu kan maganar da ake ta yi, cewa da zarar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya lafa, masu jari daga ƙasashen Larabawa za su farfaɗo da noma a Sudan. Allah ya sa. Sai dai dokokin ƙarfafa zuba jari na 2013 da 2021 sun riga sun yi alkawarin da ake shirin maimaitawa: a shigo da injuna ba kuɗin kwastan, a ba da fili, mai jari ya fitar da ribarsa. Ba a takarda gizo ke saƙa ba.

A fara da canji. Kafin Fabrairun 2021, dala a banki fam 55 ce, a kasuwa kuwa ta haura 350. Wanda ya shigo da jarinsa ta banki, ko kashi ɗaya cikin shida na darajarsa ba zai riƙe ba, ran da zai fitar da riba kuma a ce masa babu dala. Wane sassaucin haraji zai cike wannan giɓi?

Babbar matsalar ita ce ƙasa. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, ta 1984 da ta gaje ta ba ta sauya wannan tushe ba, alhali yawancin gonakin damina na ƙananan manoma, har da na Hausawanmu a Gadarif da Sinnar, gado ne ba takarda. Sai jami'i ya ja layi a taswira ya ba kamfani dubban faddan (ma'aunin fili a Sudan, kusan eka ɗaya). Ran da tarakta ta iso, ta tarar da dawa ta kai gwiwa, ga burtali, ga tafkin da makiyaya ke shayarwa. Daga nan sai rigima da shari'a, kamfani ya kafa shingen waya ya yi gaba, fili ya zauna babu mai noma shi. Kafin a sa hannu, ya kamata a auna filin a gaban umda, wato dagaci, da dattawan ƙauye, a ware burtali da mashaya, a biya diyya, sannan a rubuta wa'adi: wanda bai noma ba cikin shekara uku, a karɓe.

Kuma ba kowane jari ake shimfiɗa wa tabarma ba. Saudiyya ta daina noman alkama a 2016, ta taƙaita noman ciyawa a 2018, don tattalin ruwan ƙarƙashin ƙasarta. Shi ya sa gonakin barsim, ciyawar dabbobi, suka yawaita a arewacin Sudan: a zuƙo ruwa, a yanka da inji, a ɗaɗɗaure, a loda sai Port Sudan. Ruwanmu ne ke fita, aikin yi kuwa kaɗan. Dubi kamfanin sukari na Kenana a jihar Farin Nilu, da aka kafa a 1975 da hannun jarin Sudan da Kuwait da Saudiyya: a nan ake shuka rake, a nan ake matse shi ya zama sukari.

Don haka a ɗaura sassaucin haraji a kan sarrafawa. Mai tankaɗe riɗi ya ɓare shi ya matse mai a Gadarif ya samu kaso mafi tsoka, mai fitar da shi ɗanye a buhu ya biya cikakke. Haka ƙaro, haka tumaki. A Yunin 2022 jirgi ya nutse a Sawakin da tumaki sama da 15,000 a hanyarsu ta zuwa Saudiyya. Mayanka da ɗakin sanyi za su rage irin wannan asara, fata ma ta zauna a gida, amma sai da wutar da ba ta yankewa, wannan kuwa aikin gwamnati ne.

Muna kuma roƙon duk yarjejeniyar fili da aka ƙulla a buga ta a jarida: faddan nawa, shekara nawa, ma'aikata nawa.

Wassalam,
Wasu 'yan kasuwar amfanin gona, Gadarif, Sudan