Takardar Koke Kan Ciwon Damuwa Ga Masu Ciki Da Masu Jego

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyaye mata, ungozomomi da magidanta mun kawo kukanmu kan awon ciki a asibitocinmu na sha-ka-tafi.

Mace ta zo awo, a gwada jininta, a ɗora ta a sikeli, a saurari bugun zuciyar ɗan cikinta, a rubuta a kati, ta tafi. Ba mai tambayar ta ko tana barci, ko kwana take tana kuka. Da ta sauka kuma hankalin kowa ya koma kan jariri. Mun sha ganin mai jego da jariri a cinya yana tsala kuka, nono na zuba, ita ta ƙura wa bango ido ta kasa ɗaga shi. Sai a ce sangarta ce. Ciwo ne, ranka ya daɗe, kuma yana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. Akwai tambayoyi 10 na gano ciwon damuwa da aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya tun 1987, kan yadda mace ta ji a kwanaki 7 da suka wuce. A karanta mata su da harshenta, a keɓe, domin ba mai buɗe cikinta a gaban layi. A rubuta makinta a kati, a sake tambaya ranar rigakafin sati 6, 10 da 14. Tambaya ta ƙarshe kan tunanin cutar da kai ce, duk wadda ta amsa da e kada ta kwana likita bai gan ta ba. Wadda makinta ya yi sama, wato alamar ciwon, kuma ta daina zuwa, a bi ta gida.

Gwaji ba kulawa wahalar banza ce. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koya wa ma'aikatan lafiya na unguwa yadda za su yi wa irin waɗannan mata magani ta hanyar zama da tattaunawa. A horar da namu da shi.

Mai Girma Hakimi kuma, Allah ya ja zamaninka, muna roƙon ka ja hankalin mazaje da surukai, don su ne ke barin mace ta fito ko su hana.

Muna sauraron amsarku.

Naku masu biyayya,
Waɗanda suka sa hannu.