Yaya zan tsara kuɗina na banki ba tare da na saɓa wa rabon gado ba?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman shawararka a kan makomar kuɗin da ke cikin asusuna na banki idan ta Allah ta kasance a kaina. Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ina zaune a Agege da amaryata da yara huɗu waɗanda babbansu bai gama firamare ba, uwargida kuma tana gida Aliero tare da manyan 'ya'yana da mahaifiyata. Haya nake yi a Legas, don haka kusan duk abin da na mallaka a nan yana cikin asusu uku a bankuna daban-daban.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne halin da iyalin wani abokin sana'armu suka shiga bayan rasuwarsa. Da banki ya sami labari sai ya rufe asusun. Matarsa, wadda sunanta ya rubuta a gurbin makusanci ranar da ya buɗe asusun, ta je da takardar shaidar rasuwa, aka gaya mata cewa wannan suna na tuntuɓa ne kawai, ba ya ba kowa ikon cire ko kwabo, sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga ofishin gado na Babbar Kotun Jihar Legas. Mu muka riƙa raka ta Ikeja inda ofishin yake, da goyonta a baya, takardun a ƙunshe cikin baƙar leda. Sai da aka karɓo takardar da bankuna za su rubuta abin da ke cikin asusun, aka buga sanarwa a jarida, aka nemo masu tsayawa, aka biya gwamnati kasonta. Watanni suka shuɗe 'yan kasuwa na haɗa mata kuɗin haya da na makaranta, alhali dukiyar marayun tana kwance.

Wasu sun ce in ba amarya ko babban ɗana katin ATM da lambar sirri, magana ta ƙare. Raina bai kwanta da hakan ba, domin a fahimtata da zarar rai ya fita dukiya ta zama ta magada baki ɗaya, har da mahaifiyata mai sudusi da matana biyu masu raba tumuni, kuma duk wanda ya cire kuɗi shi kaɗai, ko da abinci ya saya wa marayu, ya buɗe ƙofar zargi tsakanin ɗakuna biyu. Ga kuma abin da ya fi damuna: wani kaso na kuɗin ba nawa ba ne. Idan na sayar da tirelar albasa, kuɗin manoma da fatake kan kwana a asusuna kafin in tura musu, kuma shaidar hakan ba ta wuce wani littafi da ke shagona da saƙonnin waya ba.

Na tuntuɓi wani lauya, ya kawo shawarar asusun amana. Ya ce tun ina raye zan miƙa wani adadi ga kamfanin riƙon amana mai rajista da hukumar kula da hada-hadar hannayen jari, a rubuta yarjejeniya mai bayyana waɗanda za su amfana da yadda za a riƙa biya musu kuɗin makaranta da na magani, kuma tun da kuɗin ya bar sunana, ba zai bi ta ofishin gado ba. Tsarin ya ba ni sha'awa, amma a nan ne nake buƙatar iliminka. Shin a shari'a wannan kyauta ce, ko wasiyya, ko waƙafi? Na san wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma babu wasiyya ga magaji. Idan kyauta ce, hadisin Nu'uman bin Bashir yana tsorata ni, wanda Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa guda. Manyan 'ya'yana na riga na yi musu karatu da aure daga wannan dukiya, ƙananan kuwa ba su sami komai ba tukuna. Idan na keɓe musu kuɗin karatu, adalci na yi ko fifiko? Sannan idan na bar wa kaina ikon janye kuɗin a lokacin da jari ya karye, kyautar ta tabbata kuwa, tun da malamanmu na Malikiyya suna sharɗanta cewa abin ya fita daga hannun mai bayarwa? Ina kuma tsoron a juya kuɗin ta hanyar da ke da kuɗin ruwa.

Lauyan ya ƙara da cewa Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, kuma a 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta amince da wasiyyar wani Musulmi wadda ba ta bi rabon Musulunci ba. Ni dai ba na neman abin da kotu za ta yarda da shi alhali Allah bai yarda ba. Abin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne in rubuta wasiyya cewa a fara da biyan bashi da mayar da kuɗin mutane, a raba saura bisa ayoyin Suratun Nisa'i, sannan kason ƙananan yara kaɗai ya zauna a hannun amintattu har su yi hankalin riƙon dukiya. Sai dai wannan ma sai ta bi ta kotu, ga shi kuma jinkirin nake gudu.

Akwai asusu ɗaya da babu wanda ya san da shi a gidana, kuma ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024 ta ce kuɗin da ya shekara goma ba a taɓa shi ba za a mayar da shi wani asusu na musamman a babban bankin har masu shi su nema. Wa ya kamata in sanar, kuma har zuwa wane mataki, ba tare da na jawo ƙananan maganganu a cikin gida ba?

Don Allah Malam ka fayyace mini waɗannan, ka kuma nuna mini wanda ya kamata in fara zama da shi, malamin gado ko lauya, ko kuwa in haɗa su wuri ɗaya kafin in sa hannu a kowace takarda. Allah ya saka da alheri.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa, Agege, Legas.