Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Iyaye na Shekarar Karatu da Ta Ƙare

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da wanda dusar ƙanƙara ta hana.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne daren cike takardar FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin kuɗin karatun gaba da sakandare daga gwamnatin Amurka, a ɗakin karatu na babbar sakandare. Burin gundumar makarantunmu shi ne duk yaron da ya gama aji 12 ya san inda ya dosa, ko kwaleji ko koyon sana'a, mu kuwa mun san a wajen kuɗi yaranmu ke tsayawa. Iyaye da dama sun zo da tunanin cewa duk tallafin gwamnatin Amurka bashi ne mai ruwa. Da malamar da ke ba ɗalibai shawara ta yi bayani, wata 'yar uwarmu na fassarawa, sai aka gane tallafin Pell kyauta ne, ba a biya, kuma yakan kai dala 7,395 a shekara ga wanda ya cancanta. Har iyayen da ba su da lambar Soshiyal Sikiyoriti (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa) suka ji cewa za su iya buɗe asusu su cike nasu ɓangaren. Matasanmu da suka riga suka shiga jami'a sun zo da kwamfutocinsu, kowa ya zauna da gida ɗaya har aka gama. Sai da mai gadi ya zo rufe ƙofa sannan muka tashi. Allah ya saka musu da alheri.

Darasin yamma da muka yi alkawari bai fara ba, kuma ina so a fahimci dalili kafin a ɗora wa kwamiti laifi. Gunduma ba ta barin kowa ya zauna da yara sai an binciki tarihinsa an ɗauki zanen yatsunsa. Waɗanda suka ɗaga hannu a taro suna da yawa, waɗanda suka je aka ɗauka ba su cika hannu ɗaya ba. Aron aji bayan an tashi kuma sai da inshora, inshora sai da kuɗi, ga shi fiye da rabin mambobi ba su biya kuɗin shekara ba. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, wasu har gida na bi su. Wallahi na gaji.

Haka ranar da hukumar makarantu ta saurari jama'a kan kasafin kuɗi, kujerunmu fanko suke. Alhali yawancin kuɗin daga jiha da harajin gidaje yake fitowa, mai haya ma yana biya ta cikin kuɗin hayarsa. Wanda ke cewa Turanci ne ya hana shi, tafinta haƙƙinsa ne, sai dai a nema da wuri.

Sannan maganar fashin makaranta, wadda gunduma ta sa a gaba. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta, wato kamar kwana 18 cikin 180, ana lissafa shi cikin masu yawan fashi, ko da uzuri ne. Doguwar tafiya a tsakiyar zango tana cikin lissafin, don Allah a bari sai hutu.

Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa. A ranar za a zaɓi sabon sakatare, ni wa'adina ya cika.