Zuwa ga iyayen yara: kan maganar yarinyar da hukuma ta zo ta ɗauka

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, da fatan kuna lafiya, ya ɗawainiya.

Na so in fara da maganar jarabawa amma surutun da ake ta yi a WhatsApp tun ranar Talata ya hana ni, har wani ya rubuta wai makaranta ta sayar da yarinya ga gwamnati. Subhanallah! Ba zan faɗi suna ko aji ba, wanda ya sani ya sani.

Abin da ya faru shi ne malamar ajinsu ta lura yarinyar nan kwana uku ba ta iya jingina da benci, kullum a karkace take zama. Da ta ja ta gefe ta ɗaga mata hijabi sai ga shatin wayar wuta a gadon baya, wani ya bushe wani ɗanye. Ni da idona na gani. Wallahi da 'yar cikinku ce ba za ku ce mu rufa asiri ba. Malama, Allah ya saka miki da alheri, da ma kowa haka yake sa ido a ajinsa maimakon danna waya.

Masu cewa ina ruwan hukuma da tarbiyyar gida, to ku sani tun 2003 Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara, mu nan Kaduna kuma tamu ta fito a 2018. Idan akwai dalilin da ya nuna yaro zai cutu in an bar shi inda yake, 'yan sanda da jami'an walwala suna da ikon ɗauke shi su kai shi wuri mai aminci na ɗan lokaci, daga nan magana ta koma kotun iyali, ita ce za ta ce ya koma gida ko a damƙa shi hannun wani dangi. Hedimasta ba shi da ta cewa a nan, namu kawai mu sanar, kuma mun sanar. Ai ba a manta da Rigasa ba, 2019, mutum sama da 300 aka fito da su daga gida ɗaya, har da yara da mari a ƙafa, maƙwabta kuma suna nan shekara da shekaru.

Ba mu ce kar a tsawata wa yaro ba, mu ma an tsawata mana. Amma 'yar riƙo amana ce, in riƙon ya yi maka nauyi ka mayar wa iyayenta, ba abin kunya ba ne. Kuma don Allah a daina tare 'yan ajinsu a hanya ana tambayarsu labari.

Jarabawa Litinin ta sama, a zo da fensir biyu. Masu ragowar kuɗin makaranta kun san kanku. Baba mai gadi zai rufe get ƙarfe 8 daidai, kar wanda ya roƙe shi, ni na sa shi.

Wassalam,
Shugaban makaranta