Tarihin Abin Wuya Na Lu'ulu'u Mai Kama Wuya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan abin wuyan nan na lu'ulu'un teku da ake jerawa sahu-sahu, ya kama wuya cif ba tare da ya sauko ƙirji ba.

Wadda ta fito da shi a Ingila ita ce Gimbiya Alexandra ta Denmak, wadda ta auri yariman Ingila a 1863. An ce wani ɗan tabo ne a wuyanta take rufewa da shi, amma matan fada da na attajirai suka ga ya yi mata kyau, suka yi ta kwaikwayo har ya zama adon zamanin.

A lokacin nan kowace ƙwaya sai an yi nutso an ciro ta daga cikin kawa, musamman a tekun Bahrain, kuma haɗa ƙwayoyi masu girma ɗaya da haske ɗaya kan ɗauki shekaru. Tsadarsa ta kai a 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya mallaki wani katafaren gida a birnin New York ta hanyar musaya da abin wuya mai sahu biyu wanda aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. Sai dai tun 1893 wani ɗan Japan mai suna Mikimoto ya fara samar da lu'ulu'u ta hanyar kiwon kawa, kuma da irinsa ya cika kasuwa farashi ya karye, har wancan abin wuyan da aka sayar da shi a 1957 bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa na da ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano