Kufan Rumawa a Timgad da tsohon garinmu na Maradi

Assalamu alaikum Malam Edita, gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da ƴan uwana Maradawa, musamman ɗalibanmu da ƴan kasuwa masu zuwa Aljeriya, duk wanda Allah ya kai shi wajen Batna ya daure ya ƙarasa Timgad, kusan kilomita 35 ne kawai.

Ni ɗana da ke karatu can ne ya kai ni, wallahi ban taɓa zaton akwai irin wannan a Afirka ba. Gari ne guda na Rumawa, sarkinsu Tarajan ya kafa shi wajen shekara ta 100 miladiyya don tsofaffin sojojinshi, daga baya mutane suka watse rairayi ya binne shi, to wannan rairayin ne ma ya adana shi har aka fara tono shi bayan 1880, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Gidan wasan nasu shi ya fi tsaya min a rai. A jikin tudu suka sassaƙa shi, mazaunan dutse hawa hawa sun yi rabin da'ira kamar an raba filin kokowarmu biyu, yana ɗaukar mutum wajen 3,500, na hau can sama numfashi na sarƙewa ɗana ya tsaya ƙasa ya yi magana ba lasifika ba komi ina jin shi sarai. Kana zaune kana hangen garin duka, tituna miƙe sun gitta juna, ga babbar ƙofar Tarajan tana tsaye, ga kasuwa da teburan dutse na ƴan tireda, gidajen wanka, ɗakin karatu, har sawun ƙafar amalanke ya ci dutsen titi yana nan. Abin da ya ƙara ɗaure min kai magudanan ruwa ƙarƙashin titi suke, mutanen da suka yi kusan shekara 1,900.

To Malam Edita abin da ke ci min rai ke nan. Mu fa muna da namu, sarakunan Katsina da suka taso bayan jihadi a kwarin gulbi suka kafa Maradi, nan garin yake har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu, amma yau tambayi yaro ɗan lakwal ina tsohon gari yake, ina fada take ina ƙofofi, sai ya yi ma shiru. Na san wani zai ce ai su da dutse suka yi gini mu da laka, to Agadas fa, ba laka ba ce ta shiga UNESCO a 2013?

Roƙona ga masarauta da magabatan gari da malaman tarihi na jami'armu, a zauna da dattawan da suka ji daga bakin iyayensu tun suna raye, a ɗauki muryarsu, a auna wurin a kafa alluna da Hausa ko da na siminti ne, a riƙa kai ƴan makaranta. Masu kuɗin garin nan ma su sa hannu, wannan bai kai kuɗin mota ɗaya ba.

Naka mai karanta ku kullum,
daga unguwar Bagalam, Maradi