Takardar Koke Kan Jirgin Sama Tsakanin Sakkwato da Kano

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Mai Alfarma.

Mu 'yan kasuwa masu sari a Kano da masu sayar da tikitin jirgi a Sakkwato mun kawo kukanmu gaban uba.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa na Malam Aminu Kano, tazarar ta sama kusan kilomita 370 ce, tafiyar sa'a guda a ƙaramin jirgi. Amma a yawancin ranaku sai an bi ta Abuja: kusan kilomita 490 zuwa can, sannan wasu 360 zuwa Kano. An ninka hanyar har da ɗoriya. Tikiti biyu mutum zai yanka, sau da yawa a kamfani biyu, ya sauke kayansa a Abuja a sake auna su, ya zauna jira. In jirgin farko ya makara, na biyu ba ya jiransa, kuɗin kuma sai dai haƙuri. Tafiyar sa'a ɗaya ta cinye wuni. Ta mota kuwa, fiye da kilomita 500 ne ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa, kuma halin da wannan hanya take ciki ba ɓoyayye ba ne ga Mai Alfarma.

Kamfanonin jiragen sama na cewa tashi kai tsaye tsakanin Sakkwato da Kano ba riba. Da gaskiyarsu in Boeing 737 za su saka, don kujerunsa sun haura 120, kuma a gajeriyar tafiya mai da yawa wajen tashi da hawa sama yake ƙonewa. Jirgin da ya dace shi ne mai farfela irin ATR 72, kujeru kusan 70, gudun kusan kilomita 500 a sa'a, mai kuma kaɗan yake sha. Masu cika shi suna nan: 'yan Kantin Kwari da Singa, marasa lafiya da ake turawa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da masu Umara da ke tashi daga Kano.

Ranka ya daɗe, muna roƙon fada ta sa baki gwamnatocin jihohin biyu su zauna da kamfanoni a samar da jirgi kai tsaye ko da sau uku a mako, ya tashi da safe ya dawo da yamma, don ɗan kasuwa ya yi sari ya kwana a gidansa. A watannin farko gwamnati ta ɗauki nauyin wasu kujeru, a riƙa ba ma'aikatanta masu tafiyar aiki, har fasinjoji su saba.

Sai batun hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan hana matuƙi hango titin sauka, a soke tashi. Muna roƙon a tuntuɓi hukumar NAMA mai kula da sararin samaniya ta gwada na'urar da ke yi wa jirgi jagora wajen sauka tun kafin hunturu ya kama, hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama kuma ta tabbatar da fitilun titi saboda jirgin yamma.

Allah ya ƙara wa Mai Alfarma lafiya da nisan kwana.

Talakawanka,
'Yan kasuwa da masu sayar da tikitin jirgi, Sakkwato